Amsoshin Tambayoyinku: Shin matuƙi na da ikon ƙin tashi da jirgi?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Nasarawa, Kudancin Kaduna. Kwanakin baya mun shiga jirgi a filin jirgin sama na Kaduna za mu Legas, har mun ɗaura bel, sai aka ce mu sauka wai kyaftin ya ce ba zai tashi da wannan jirgin ba. Wani ma'aikacin kamfanin ya raɗa mana cewa injiniya ya ce jirgin zai iya tafiya. Na yi asarar ciniki a ranar. To shi kyaftin ba ma'aikaci ba ne? Wa ya ba shi ikon ƙin abin da masu jirgi suka yarda da shi?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Mutumin da ya yi sammako daga Nasarawa, ya bi ta Mando har ya kai filin jirgi, ya zauna a kujerarsa sannan aka sauke shi, dole ransa ya ɓaci. Amma doka ce ta ba kyaftin wannan ikon, kuma ina ganin ya yi daidai da ya yi amfani da shi.

Ƙasashen duniya sun sa hannu a yarjejeniyar Chicago a 1944, wadda ta haifar da hukumar ICAO, kuma Nijeriya mamba ce. Ƙa'idojinta sun ce matuƙin da ke jagorantar jirgi shi ke da magana ta ƙarshe a kan jirgin muddin yana hannunsa, kuma alhakin rayukan da ke ciki yana wuyansa. An hana shi fara tafiya sai ya gamsu cewa jirgin lafiyarsa ƙalau, an yi lodi daidai, man ya isa, yanayin hanya kuma zai bari. Hukumar NCAA ta shigar da wannan cikin dokokin sufurin jiragen sama na ƙasarmu. Kamfani ke biyan sa albashi, gaskiya ne, amma lasisinsa daga hukuma yake, kuma shi za a fara tuhuma idan abu ya faru.

Yanzu ga maganar injiniya, wadda na san ita ta fi tsaya maka a rai. Kowane jirgi yana da littafin da ake rubuta duk matsalar da aka gani a jikinsa. Injiniya mai lasisi zai gyara ya sa hannu, ko kuma ya ɗaga gyaran zuwa wani lokaci idan doka ta yarda. Akwai wani kundi da hukuma ta amince da shi, wanda ya lissafa kayan da jirgi zai iya tashi ko da sun lalace, da wa'adin gyara kowanne: wani kwana 3, wani kwana 10, wani har kwana 120. Saboda haka yana yiwuwa ma'aikacin nan gaskiya ya faɗa muku. Sai dai kundin yana cewa ne an halatta a tashi, bai ce dole a tashi ba. Ɗauki na'urar hango hadari da ke hancin jirgi. Idan ta mutu a ranar da sama take garau, ana iya tafiya. Idan kuwa a watan Agusta ne, hadari ya haɗu tsakanin Kaduna da Legas, ga magariba ta gabato, matuƙi mai hankali zai ce a'a. Haka idan abin da ke juya ƙarfin inji don taimaka wa birki ya samu matsala, ga titin da za a sauka a jiƙe. Wani lokaci ƙananan matsaloli biyu ko uku ne, kowacce ita kaɗai an yarda da ita, amma haɗuwarsu a jirgi ɗaya a rana ɗaya ta wuce abin da zai ɗauka. Injiniya jirgin yake dubawa. Kyaftin kuwa yana haɗa jirgin da hanya, da yanayi, da nauyi, da gajiyar abokan aikinsa.

Tsarin a taƙaice shi ne: kafin a tashi sai kowa ya yarda, amma mutum ɗaya ya isa ya hana. Idan injiniya bai sa hannu ba, kyaftin ba shi da ikon tashi komai shekarunsa a aiki. Idan kyaftin ya ƙi, ko mai kamfanin ne ke zaune a kujerar gaba ba zai sa shi ya tashi ba. Direban motar haya da ya ji ƙara a taya yana iya gangarawa gefen titi ya duba. A sama babu gefen titi, shi ya sa ake gama duk gardama tun ana ƙasa.

Mu mutanen Arewa ba labari aka ba mu ba a kan wannan. Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ta ɗauko haya, ya taso daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato. Kwanaki kafin nan makanikai sun gano tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska. An shirya canza su, sai aka fasa saboda jirgin ya makara a jigilar alhazai. Da safiyar ranar wani makanike ya nemi a ƙara musu iska, jami'in da ke kula da aikin ya ƙi yarda a jinkirta. Tayoyin suka fashe jirgi na gudu a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe su cikin cikin jirgi da wutar a jikinsu. Matuƙan sun juyo don su sauka, amma jirgin ya faɗi kafin ya kai titi. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Abin da ya fi ci mini rai a binciken shi ne ba a samu shaidar cewa an gaya wa matuƙan halin da tayoyin suke ciki ba. Kyaftin ɗin yana da ikon ƙin tashi, amma an ɓoye masa dalilin da zai sa ya ƙi.

Hatsari na biyu kuwa akasin haka ne. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC, Boeing 737, ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ana cikin hadari da iska mai ƙarfi. Jim kaɗan da barin ƙasa ya faɗi. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo da ɗansa Sanata Badamasi. Masu bincike sun ɗora babban dalilin a kan shawarar tashi cikin mummunan yanayin da aka san da shi, da rashin bin matakan da suka dace lokacin da iska ta juya wa jirgin farat ɗaya. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yi imani da haka, amma addinin da ya koya mana tawakkali bai ce mu bar riƙo da sababi ba.

Kada ka ɗauka faɗin a'a abu ne mai sauƙi ga matuƙi a ƙasar nan. Kamfanoninmu da yawa jiragensu kaɗan ne, kayan gyara da dala ake sayo su, jirgi ɗaya shi zai yi Kaduna, ya yi Legas, ya dawo ya yi Kano. Idan ya tsaya, jadawalin yini guda ya rushe. Manaja na bugo waya, wani babban mutum a cikin fasinjoji na cewa zai kira wane, ga sauran jama'a suna hayaniya a bakin ƙofa. Shi ma kyaftin yana da iyali, ya kuma san wanda aka yi wa laƙabi da mai taurin kai yana iya rasa ƙarin girma. Matuƙa da injiniyoyi suna da ƙungiyarsu, NAAPE, kuma suna iya kai rahoto ga NCAA idan aka matsa musu, amma a daidai wannan lokacin shi kaɗai ne a kujerarsa da alƙalami a hannu. Tun a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ake cusa wa ɗalibai cewa yanke shawarar fasa tashi ɓangare ne na aikin. Duk lokacin da fasinjoji suka zagi wanda ya ƙi tashi, suna ƙara wa na gaba nauyi ne a ranar da shi ma zai buƙaci ya ƙi.

Wannan ba ya nufin ka yafe haƙƙinka, Alhaji. Asarar da ka yi, kamfanin za ka tunkara da ita, domin shi ya sayar maka da tikiti, shi ne kuma bai tanadi wani jirgin ba. Sashe na 19 na dokokin NCAA ya tanadi cewa a tafiyar cikin gida, idan jinkiri ya kai awa biyu a ba fasinja abin taɓawa, idan ya wuce awa uku yana da damar karɓar kuɗinsa, idan kuma dare ya yi a ba shi masauki. Ka adana tikitinka da katin shiga jirgi, ka rubuta wa kamfanin ƙorafi da kwanan wata da lambar tafiyar. Idan suka yi biris da kai, NCAA tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a filayen jiragen sama, sai ka kai musu takardun.