Darasi: Uwa tsakanin maganar kaka da maganar likita

A Bangi, cikin ƙasar Madawa, uwa ba ta da hutu. Tana daka, tana ɗibar ruwa, tana neman icce. Da rani maza da yawa suna tafiya bida Najeriya ko Abijan, sai nauyin gida ya koma kanta. In ta haihu kuma, magana biyu take ji. Kaka ta ce: "Haka muka gada." Likita ya ce: "Bar wannan." To, ta wa za ta bi?

Uwa mai hankali tana tankaɗe. Ta riƙe tsaba, ta zubar da dusa.

Abin da ya kamata a riƙe

Hutun kwana 40 bayan haihuwa al'ada ce mai kyau, domin jikin mai jego yana bukatarsa. Goyo ma yana da kyau: yaro yana samun ɗumi, uwa kuma tana saurin gane zazzaɓi. Shayarwa har shekara 2 ita ma gado ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya haka take horo.

Abin da ya kamata a bari

Na ɗaya, zubar da dakashi. Nonon fari ba dauɗa ba ne. Shi ne rigakafin farko na jariri. A sa shi ga nono tun sa'ar farko.

Na biyu, ba jariri ruwa ko bauri. Har wata 6, nono kaɗai ya isa, ko da zafin bazara ne. Ruwan rijiya yana iya kawo zawo, zawo kuwa yana kai yaro ga tamowa. Uwa ce za ta sha ruwa da yawa. Bayan wata 6 a ƙara kunu mai gyaɗa ko wake.

Na uku, kunun kanwa mai yawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yana da hannu cikin ciwon zuciya na masu jego. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, a kai ta likita ranar nan.

Abin da zamani ya kawo

Awon ciki da alluran rigakafi. Ana yi wa jariri allura da haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sai ta ƙyanda a wata 9. A 2006 gwamnatin Nijar ta yi doka cewa awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. A 2013 aka fara raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damina, har a Madawa da Buza.

Uwa ba ta iyawa ita kaɗai

Matar da ta wuni a garkar albasa da yunwa ba ta da ƙarfin shayarwa. Miji ya bar hatsi da kuɗin mota kafin ya tafi bida. Uwar miji ta raka ta awo, ta ji bayani da kunnenta. In kaka ta gane, gida duka ya gane.

Tambayoyi

1. Mene ne amfanin dakashi?
2. Wata nawa jariri zai yi yana shan nono kaɗai?
3. Wane aiki ne miji zai iya ɗauke wa mai jego a garinku?