SHUGABANCIN MANYAN MAKARANTU AMANA NE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan shugabancin manyan makarantu ne, da yadda ya kamata shugaba ya kawo gyara a cikinsu.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya umurce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da mu mayar da amana ga masu ita, malamai kuwa sun ce muƙami yana cikin amanar nan. Ya kuma inganta a Buhari cewa damƙa al'amari ga wanda bai cancanta ba tozarta amana ne, kuma alama ce ta matsowar Alƙiyama.

Bari mu ɗauki misali daga gida. A da, mai neman ilmi mai zurfi daga ƙasar Ƙanƙara ko Faskari sai ya naɗe buzunsa ya nufi Zariya ko Katsina, ya zauna a zauren malami shekara da shekaru. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan. Fiƙihun Malikiyya da a ke koyarwa bai sāke ba, tsari ne ya sāke, watau aka shigo da aji da lokaci da jarrabawa da takardar shaida. A 1947 aka faɗaɗa ta, ta zama Makarantar Koyon Larabci. Cikin waɗanda ta yaye akwai Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. A harabarta ne kuma aka fara kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Haka ma Azhar ta Masar, a 1961 aka ƙara mata fannoni irin su likitanci da injiniyanci, ba a kuwa rufe sashen Shari'a ba.

To, a nan akwai darussa uku. Na farko, shugaba ya rarrabe tsakanin ilmi da mazubinsa: mazubi ana sāke shi in ya tsufa, ilmi ba a zubar da shi. Na biyu, ya nemo gwani ko daga ina ya ke, kamar yadda aka nemo malaman Sudan, kada ya duba dangi ko gari. Na uku, ya yi shawara da malamansa, gama ko Manzon Allah an umurce shi da shawara a Ali Imrana, aya ta 159. Gyaran da aka tilasta wa malamai ba ya wuce ranar da mai shi ya sauka.

Jihar Katsina ta sami Jami'ar Alƙalam a 2005, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, ta Dutsin-ma a 2011. Manomin 'Yargoje da ya sayar da masararsa ya tura ɗansa ɗaya daga cikinsu bai san Majalisar Jami'a ba, amma guminsa yana wuyanta. Masu naɗa shugaba su ji tsoron Allah su naɗa mai ilmi da amana. Wanda aka naɗa kuma ya sani za a tambaye shi kuɗin ginin da aka ba shi, da gurbin ɗan talaka, da sakamakon jarrabawa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.