Yadda Ake Tayar da Famfon Sola Bayan Damina

Da zarar ruwa ya ɗauke a Oktoba, manoman rani a Karaye da Rogo, musamman na kusa da madatsar ruwa ta Challawa, sukan koma kan famfon sola. Abin da ke saurin ƙona shi shi ne kunna shi a bushe, domin ruwan da yake ja ne ke sanyaya shi. A tabbatar ya nutse sosai, kuma laka ba ta toshe matatarsa ba.

A goge ƙurar farantan sola, a duba ko ɓera ya ci waya. Sannan a buɗe kan famfo kafin a kunna, iskar bututu ta fita. Ruwan farko ja ne. A bari ya washe kafin a jona tiyo.