Darasin Kasuwanci: Cinikin Kuskus a Duniya da Makomar Achar Filato

Duk wanda ya zaga manyan kantunan Jos zai ga kuskus a ƙunshe cikin leda ko kwali. Idan kuma ya leƙa wajen masu awo a Faringada, zai tarar da acha ana auna ta da mudu. Abinci biyu ne masu kama da juna a tukunya, amma a kasuwar duniya tazararsu da nisa. Dalilin wannan tazara shi ne darasinmu na yau.

Kuskus ba tsiro ba ne. Tsakin alkama ne, musamman mai taurin nan da ake kira durum, wanda ake yayyafa wa ruwa, a murza, a turara, sa'an nan a busar, kusan yadda matanmu ke yin dambu ko burabusko. Asalinsa Arewacin Afirka, kuma a 2020 Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya da sunan Aljeriya, Maroko, Tunisiya da Muritaniya. Abin da ya fitar da shi duniya shi ne masana'anta, wadda ke daidaita girman ƙwayarsa, ta dafa shi rabi, ta busar da shi yadda zai daɗe bai lalace ba. Tun 1995 aka tsara masa ƙa'idar inganci ta duniya, kuma a kundin kwastan lambarsa 1902.40. Saboda haka ɗan kasuwa a Faransa ya san abin da zai saya tun bai gan shi ba.

Nijeriya kuwa mai saye ce, domin mafi yawan alkamar da muke ci shigo da ita ake yi. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, amma noman gida bai cike giɓin ba, aka janye dokar a 1992. Ke nan ko a gida aka sarrafa kuskus, akasari kuɗin musaya ne ke fita.

A nan ne acha ta shigo zance. Ana noma ta a Bokkos, Mangu, Pankshin, Riyom da Barikin Ladi, tana kuma jure ƙasa marar ƙarfi. Idan aka turara ta, sai ta yi warawara kamar kuskus, ga shi ba ta da sinadarin gulutin na alkama wanda jikin wasu ba ya ɗauka. Gini ce kan gaba a nomanta, Nijeriya na biye. A 2012 aka ba ta lambar kwastan ta kanta, 1008.40. A Disamba 2018 Tarayyar Turai ta yarda a sayar da ita a kasuwanninta, yayin da a Amurka kamfanin Yolélé na Pierre Thiam, ɗan Senegal, ya shigar da ita kantuna.

To, ina gizo ke saƙar? Ƙwayar acha ƙanƙanuwa ce ainun. Sussuka a ƙasa na cakuɗa ta da yashi, surfe a turmi na cin lokaci da ƙarfin mata, wanki da regewa kuma sai an maimaita sau da yawa. Mai saye a waje ba ya yafe tsakuwa ko ɗaya. Magani kuwa akwai shi: injin surfen acha da Sanoussi Diakité na Senegal ya ƙera ya samo masa lambar yabo ta Rolex tun 1996.

Don haka mai niyyar wannan fatauci ya kula da abu huɗu: sussuka a kan tamfol ko daɓe, surfe da inji, busarwa sosai kafin a ƙunshe, da yin rajista da NAFDAC da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Nijeriya. Manomi ɗaya ba zai iya sayen inji ba, amma ƙungiyar gama kai za ta iya. Muddin a mudu kawai ake sayar da achar Filato, ribar sarrafawa aljihun wasu za ta ci gaba da shiga.