DARASI NA TARA: HIDIMAR RUMBUN TAIMAKO

Ya kai mai-karatu, ko ka riga ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ko kuwa kana bincike tukuna, ka kasa kunne, gama wannan darasi zancen abinci ne.

Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙasar noma ce. Masararta da dawarta sukan cika kasuwar Ɗandume da ta Funtuwa. Yunwar dā, irin ta 1914 da ta 1973, daga rashin ruwa ta zo. Amma a shekarun baya ƴan bindiga suka shiga ƙasar. Cikin 2020 suka kashe mutane da yawa a Kadisau ta Faskari, a watan Disamba kuma suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Manoma da yawa suka bar gonakinsu suka gudu cikin gari, mai-rumbu ya zama mai-roƙon mudu.

Domin wannan ya kamata kowace ikilisiya ta yi rumbun taimako. Da kaka kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, wani dami, wani tiya. A ajiye har tsakiyar damina, watan Yuli da Agusta, sa'anda tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuwa bai nuna ba. Sa'an nan a raba. Wannan ba sabon abu ba ne. Haka Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a ƙasar Masar (Farawa 41), haka kuma ikilisiya ta fari ta zaɓi mutum bakwai domin rabon abincin gwauraye (Ayyukan Manzanni 6).

Kada ka ce, "Ni matalauci ne, ba ni da abin bayarwa." Rumbu yana bukatar hannuwa kamar yadda yake bukatar hatsi. Akwai sussuka da shiƙa, da shanya, da ɗinkin buhu, da yaɓe domin ɓera da gara, da rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, da kai wa tsohuwa rabonta har ƙofar ɗaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga amfanin da za ka samu.

Na fari, za ka san maƙwabcinka. Mai-tsananin bukata sau da yawa ba ya zuwa wurin rabo, domin kunya ta hana shi. Sai mai-yawon gaisuwa ne yake lura da gidan da hayaƙi bai tashi ba tun jiya.

Na biyu, za ka koyi aminci. Mudu yana hannunka, ba mai-gani, ga kuma ɗan'uwan uwarka cikin masu-jira. Nan ne za a gwada sabuwar zuciyarka, ko za ka toza masa ka shafe wa baƙo. Wanda ya yi gaskiya kan mudu, shi za a danƙa wa babban abu.

Na uku, za ka koyi tawali'u. Wanda kake auna masa yau, wataƙila ya fi ka noma, kansa ya ciyar da mutane da yawa. Ka gaishe shi da girmansa, ka ba shi a asirce, kada ka kira sunansa gaban taro.

Na huɗu, za ka sami zumunci. Sabon mai-bi yakan ji kaɗaici, musamman idan danginsa sun juya masa baya. Aikin gayya yana haɗa shi da dattawa da matan zumunta, ya sami iyaye da ƴan'uwa.

Amma ga gargaɗi biyu. Kada ka tambayi mai-jin yunwa addininsa kafin ka auna masa. Musulmi ne, ko Bamaguje, ko Kirista, cikinsu ɗaya ne. Kada kuwa ka mai da hatsi ƙugiya ta jawo mutum sujada, gama bangaskiyar da aka saya da dawa takan ƙare ran da dawa ta ƙare. Kada kuma ka yi tsammani wannan aiki zai saya maka ceto. Ceto kyauta ce ta Allah. Hidima kuwa godiya ce ta wanda ya riga ya karɓa. Duk da haka Ubangiji ya koya mana cikin Matta 25, abin da aka yi wa mayunwaci, shi aka yi wa.

Tambayoyi:
1. A wane lokaci na shekara yunwa ta fi tsanani, don me?
2. Wane gida ne a unguwarku ya kamata a ziyarta wannan mako?
3. Wane aiki na rumbu ne hannunka zai iya?

Ka yi addu'a a kan waɗannan, ran Lahadi kuma ka gaya wa dattawa amsarka ta uku.