Zafin Ƙwaƙwalwar Zane a Kwamfutar Cinya ta Wasanni: Musabbabinsa da Hanyoyin Rage Shi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kayan zamani da suka shiga hannun ɗalibai akwai kwamfutar cinya wadda aka ƙera musamman domin wasanni. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ƙwaƙwalwar zane, watau wani ɗan guntun silikon da masana ke taƙaita sunansa da GPU, wanda aikinsa shi ne lissafa kowane ɗigo na hoton da ke motsi a kan allo. Kamfanin Nvidia na Amurka ne ya yayata wannan suna a shekarar 1999, sa'ad da ya fito da GeForce 256. Babban abokin gabar wannan ƙwaƙwalwa kuwa shi ne zafi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana mafarin zafin, sa'an nan ta nuna cewa tare shi tun daga tushe ya fi korarsa sauƙi da araha.

2.0 Mafarin Zafi da Illarsa

A cikin ƙwaƙwalwar zane akwai biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira transisto, waɗanda ake kunnawa ana kashewa bisa wani bugu da ya wuce sau biliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Kusan dukkan wutar lantarkin da suka sha, zafi take komawa. Ƙananan ƙwaƙwalen kan sha kamar wat 35, manyansu kuwa har wat 175, alhali girman guntun bai fi na kan sarki ba.

Idan zafi ya kai iyakar da maƙera suka yanka, wadda a yawancin kayan Nvidia na kwamfutar cinya take wajen digiri 87 a ma'aunin Salshiyos, sai ƙwaƙwalwar ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A nan ne mai wasa kan ga hoto yana sarƙewa. Illar ba ta tsaya nan ba. Yawan ɗumama da hucewa yana gajiyar da dalmar da aka liƙa guntun da ita. A shekarar 2008, Nvidia ta ware kusan dala miliyan 200 domin biyan gyaran kwamfutocin cinya da ƙwaƙwalensu suka riƙa mutuwa saboda raunin kayan haɗin da aka yi amfani da su. Tun da yake a liƙe guntun yake da babban allon na'urar, mutuwarsa sau da yawa mutuwar kwamfutar ce baki ɗaya.

3.0 Yadda Zafi Ke Fita

Maƙera sukan ɗora bututun jan ƙarfe a kan guntun, wanda aka zuƙe iskar cikinsa, aka sa ɗan ruwa kaɗan, aka toshe. Zafi yakan mai da ruwan tururi, tururin ya ruga zuwa ɗaya bakin bututun, inda siraran faifayen ƙarfe ke jere kamar haƙoran matsefi. Fanka takan hura iska a tsakaninsu, tururin ya koma ruwa, ya dawo inda ya fito. Hikimar ta yi kama da ta randa, wadda ruwanta ke sanyi saboda laimar da ke tashi daga jikinta tana tafiya da zafi.

Sai dai fanka ba ta da wata iska sai ta ɗakin da take ciki. Idan ɗaki yana digiri 22, tazarar da ke tsakaninsa da iyakar 87 ita ce digiri 65. Idan kuwa ɗakin ya kai 40, kamar yadda yakan faru da bazara a Kano da Sakkwato da Damagaram, tazarar ta koma 47. Ke nan fiye da rubu'in ikon sanyayawar ya salwanta tun ba a kunna na'urar ba.

4.0 Hanyoyin Rage Zafi

Hanya ta farko ita ce ƙayyade yawan hotuna. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ba zai iya nuna cikakkun hotuna 150 ba, ko da ƙwaƙwalwar ta zana su. Rarar aikin banza ce, ribarta zafi kawai. Yawancin wasanni suna da wurin sa wannan iyaka, haka nan manhajojin Nvidia da AMD. Rage kyawun inuwa da hasken wasa shi ma yana sauƙaƙa wa ƙwaƙwalwar nauyi.

Ta biyu ita ce rage ƙarfin turin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. Ƙa'idar ita ce, wutar da makunnan ke sha wajen aiki tana tafiya ne da bolt idan an ninka shi da kansa. Alal misali, idan aka sauko daga bolt 1.0 zuwa 0.9, to 0.9 sau 0.9 ya ba da 0.81, watau an sami ragin kashi 19 cikin ɗari ba tare da an taɓa gudun ba. Manhaja irin MSI Afterburner tana ba da wannan dama a kwamfutocin da maƙeransu ba su kulle ba. Da sannu ake saukowa ana gwadawa, domin idan aka zarce, wasan zai daskare, sai a ƙara bolt ɗin kaɗan. Bugu da ƙari, a yawancin waɗannan na'urori bututu ɗaya ne ya ratsa ƙwaƙwalwar zane da babbar ƙwaƙwalwa, don haka rage gudun babbar yana sanyaya maƙwabciyarta.

Ta uku ita ce buɗe wa iska hanya. Mafi yawansu ta ƙasa suke shaƙar iska, saboda haka ɗora su a kan katifa ko darduma tamkar toshe musu hanci ne. Kamata ya yi a aza su a kan tebur, a ɗan ɗaga bayansu. Ƙurar hunturu kuma takan dunƙule a bakin faifayen kamar auduga. Mai sharewa zai kashe na'urar, ya cire mahaɗin batir, ya riƙe fankar don kada iskar da ake hurawa ta juya ta fiye da kima.

Ta huɗu ita ce sabunta maiƙon da ke tsakanin guntun da jan ƙarfen, wanda ke cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Yakan bushe bayan 'yan shekaru. Akwai wani nau'i na narkakken ƙarfe mai sinadarin galiyam wanda ya fi kowane maiƙo kwashe zafi, amma yana ɗaukar lantarki, yana kuma cin alminiyam. Ɗigo ɗaya idan ya ɓata hanya ya isa ya ƙone allon, a garin gyaran gira a rasa ido. Wannan aiki na ƙwararren mai gyara ne.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa hanyoyin biyu na farko suna rage zafin da ake haifarwa ne, na ƙarshe kuma suna taimaka wa fitarsa. Na farkon ba sa cin ko kwabo, ba sa kuma bukatar a kwance na'ura, saboda haka da su ya dace a soma. Wannan ya fi zama wajibi ga mazauna ƙasa mai zafi da ƙura, inda iskar da za ta yi sanyayawar ita kanta da ɗumi take zuwa. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.