Zafi da Hanyoyin Tafiyarsa: Darasi Daga Randa da Raƙumi

A watan Afrilu, zafin iska a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, alhali zafin jikin ɗan Adam mai lafiya yana tsayawa ne a wajen digiri 37. To, ta yaya jiki yake kauce wa ɗaukar zafin iskar da ta kewaye shi? Amsar tana cikin ilimin fiziks, kuma ita ce amsar dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi.

Mene Ne Zafi?

Kowane abu, ruwa ne ko ƙarfe ko iska, ya ƙunshi 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kuma kullum cikin motsi suke. Gwargwadon ƙarfin motsinsu, gwargwadon yadda ma'auni zai nuna abin ya yi zafi. Shi kuwa zafi a ma'anar kimiyya, makamashi ne da yake tashi daga abu mai ɗumi zuwa wanda bai kai shi ɗumi ba, kuma ba ya juyawa baya da kansa. Saboda haka sanyi ba wani abu ne da yake shiga jiki ba. Wanda ya riƙe ƙanƙara, zafin hannunsa ne yake fita. Ana auna wannan makamashi da ma'aunin jul, wanda aka raɗa wa sunan James Joule, masanin Ingila da ya nuna a shekarun 1840 cewa aikin motsi yana rikiɗewa ya zama zafi.

Hanyoyi Uku

Hanya ta farko ita ce ratsawa, inda zafi yake bi ta cikin abu daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Cokalin ƙarfe da aka bari a miya yakan ƙona hannu, amma muciya ba ta yin haka, domin itace ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa soron ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano daɗin zama da tsakar rana.

Hanya ta biyu ita ce kewayawa, wadda take faruwa a cikin ruwa da iska. Ruwan da yake gindin tukunya, idan ya ɗumama sai ya yi sauƙi ya taso sama, mai sanyi ya gangara ya maye gurbinsa. A jikin mutum, jini ne yake ɗauko zafi daga ciki ya kawo shi fata.

Hanya ta uku ita ce haskowa, wadda ba ta buƙatar komai a tsakani. Ta haka zafin rana yake keto sararin samaniya, tafiyar kilomita kimanin miliyan 150, ya iso duniya cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi.

Amma a nan akwai matsala. Dukkan hanyoyin nan suna kai zafi ne daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Idan iska da bango da ƙasa duk sun fi fata zafi, to hanyoyin uku shigo da zafi za su yi, ba fitar da shi ba. Abin da ya rage wa jiki shi ne ƙafewar gumi.

Sirrin Randa

Kafin ruwa ya zama tururi, dole ƙwayoyinsa su sami makamashin da za su rabu da juna. Ɗumama lita ɗaya ta ruwa daga digiri 0 zuwa 100 yana cin jul kimanin 420,000, amma mayar da ita tururi yana cin jul kimanin 2,260,000, wato fiye da ninki biyar. Ruwa ba ya jiran tafasa kafin ya ƙafe, kuma duk inda ya ƙafe, daga abin da yake kansa yake karɓar wannan makamashi.

Jikin randa yana da 'yan ƙananan kafofi waɗanda ruwa yake tsattsafowa ta cikinsu. Idan ya iso waje ya ƙafe, sai ya tafi da zafin ruwan da yake ciki. A kan wannan ƙa'ida ne Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu, aikin da ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Fatar mutum mai gumi ita ma randa ce. Sai dai ƙafewa tana buƙatar busasshiyar iska, shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi da rani a kan damina, kuma shi ya sa zafin gab da faɗuwar damina, lokacin da iska ta fara ɗaukar laima, ya fi galabaitarwa.

Dabarar Raƙumi

Gumi yana cin ruwa, ruwa kuwa tsada gare shi a hamada. A shekarun 1950, masanin halittu Knut Schmidt-Nielsen ya binciki raƙuma a Saharar Aljeriya, ya gano cewa raƙumin da bai sha ruwa ba yakan bar zafin jikinsa ya tashi daga wajen digiri 34 da asuba zuwa sama da digiri 40 da yamma. Maimakon ya yi gumi tun da hantsi, sai ya tara zafin a jikinsa, da dare kuma ya sake shi ga iska mai sanyi ba tare da asarar ruwa ba. Ga raƙumi mai nauyin kilo 500, wannan yana tsimin ruwa kimanin lita biyar a rana. Binciken ya kuma nuna cewa raƙumin da aka yi wa aski ya fi asarar ruwa, domin gashin yana tare zafin rana.

Ɗan Adam ba shi da wannan baiwa. Idan zafin cikin jikinsa ya haura digiri 40 saboda rana, ƙwaƙwalwa takan rikice, kuma ana iya rasa rai. Yara ƙanana da tsofaffi da masu aiki a rana su ne suka fi fuskantar haɗarin. Wanda aka ga ya ruɗe ko ya suma a cikin zafi, a kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a gaggauta kai shi asibiti. Fifita tana kawar da iskar da ta cika da laima, ta ba ruwan damar ƙafewa. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Gwaji Domin Aji

Malami zai iya tabbatar wa ɗalibai wannan darasi da kayan da ba su da tsada. A cika kwalabe biyu iri ɗaya da ruwa daga bokiti guda, a naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ɗayar da busasshe, a ajiye su a inuwa inda iska take kaɗawa. Bayan awa ɗaya a auna zafin ruwan kowacce a rubuta. A maimaita gwajin a lokacin hunturu da kuma tsakiyar damina, sannan ɗalibai su bayyana dalilin da ya sa tazarar da take tsakanin kwalaben biyu ta bambanta.